Gidajen kula da dabbobi: yaushe ake kashe dabba, kuma yaya ake ɗaukar wadda aka ceto? Tambayoyi da amsoshi

Mene ne gidan kula da dabbobi, kuma wa yake tafiyar da shi?

Wuri ne da ake ajiye karnuka da kuliyoyi, wani lokaci har da zomaye da tsuntsaye da dawakai, waɗanda suka ɓata, ko masu su suka gaza riƙe su, ko hukuma ta ƙwace su daga hannun mai azabtar da su. Iri biyu ne manya. Akwai na hukuma, wanda ƙaramar hukuma ko birni ke biya, kuma doka ta ɗora masa karɓar duk dabbar da aka tsinta a yankinsa. Akwai kuma na ƙungiyoyin sa-kai da ke rayuwa da gudummawar jama'a, waɗanda galibinsu ke da ikon cewa "mun cika, a dawo wani lokaci". Wannan bambanci na ƙofa, wadda ba ta rufuwa da wadda ake iya rufewa, shi ne tushen kusan duk wata gardama da za ta biyo baya.

Abin ya daɗe. An kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi da ta zama RSPCA a Landan a 1824, Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da aka sani yanzu da Battersea a 1860, Henry Bergh kuma ya kafa takwararta ta Amurka, ASPCA, a New York a 1866.

Me ake nufi da kisan jinƙai?

Kalmar da likitocin dabbobi ke amfani da ita, wato euthanasia, daga harshen Girka aka samo ta, ma'anarta "kyakkyawar mutuwa". Asalin manufarta ita ce a kawo ƙarshen rayuwar dabbar da ke cikin azabar da ba ta da magani, ta hanyar da ba za ta ji zafi ko firgita ba. Inda rigima take shi ne kalma ɗaya ce ake yi wa abubuwa biyu lulluɓi da ita. Tsohon karen da ciwon daji ya cinye har ba ya iya tashi, kashe shi jinƙai ne, kuma da wuya ka sami likitan da zai yi musu. Amma kyanwa 'yar shekara biyu, lafiya ƙalau, da aka kashe don ana buƙatar kejinta, ba ita aka ji wa ƙai ba. Masu sukar tsarin suna cewa a kira wannan da sunansa, kisa ne saboda ƙarancin wuri. A nan ina tare da su, domin sai an ambaci ciwo da sunansa ake nemo maganinsa.

Waɗanne dalilai ne ke sa a yanke wannan hukunci?

Uku ne: ciwo, hali, da wuri.

Na ciwo ya haɗa da raunin da ba ya gyaruwa, kamar karayar ƙashin baya bayan mota ta buge dabba, da gazawar ƙoda da ta yi nisa, da cututtuka masu yaɗuwa. Cutar fabo, wadda ke sa kwikwiyo amai da gudawar jini, tana da magani idan an kama ta da wuri, amma tana buƙatar ɗakin keɓewa da ƙarin ruwa na kwanaki, ƙwayar cutar kuma takan daɗe watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Gidan da ke da kuɗi da ɗakin keɓewa zai yi jinya. Wanda ba shi da su zai kashe kwikwiyo biyar don kada ya rasa hamsin. Har makero, wanda ba ya kisa, ya sha jawo wa kuliyoyi mutuwa a gidajen da ba su da inda za su ware su na makonnin da magani ke ɗauka. Ka ga ke nan ko dalilin "ciwo" ma yakan koma dalilin aljihu.

Na hali shi ne mafi wuya. Karen da ya yi wa mutum mummunan cizo ba tare da an tsokane shi ba, ko wanda ya kashe wasu dabbobi, ba gidan da zai miƙa shi ga iyali mai yara ya kwana da kwanciyar hankali. Sai dai keji kansa yana canza hali. Kare mai sauƙin kai, idan ya yi watanni cikin hayaniya da warin baƙin karnuka, zai iya fara zagaye wuri ɗaya, ko cizon ƙarfe har haƙoransa su lalace, ko gurnani ga duk wanda ya matso. Gwajin hali da ake yi masa a rana ta biyu da zuwansa, yana cikin tsoro, ba lallai ya nuna yadda zai kasance a gida ba. Shi ya sa gidaje da yawa yanzu suka fi dogara da abin da ma'aikata da masu riƙon dabba na ɗan lokaci a gidajensu suka gani a tsawon lokaci.

Na wuri kuwa lissafi ne kawai. Keji ɗari, dabbobi ɗari da ashirin, gobe kuma motar kamu za ta kawo wasu.

Yaya ake yin sa? Dabbar tana shan wahala?

Hanyar da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, AVMA, ta fi amincewa da ita ga karnuka da kuliyoyi ita ce allurar fentobabital mai yawa ta jijiya. Maganin sa barci ne mai ƙarfi. Dabbar takan fita hayyacinta cikin daƙiƙu, numfashi ya tsaya, sannan zuciya, yawanci cikin 'yan mintuna. Idan dabbar tana firgice akan fara yi mata allurar kwantar da hankali. Wani lokaci jiki kan motsa ko a ji numfashi ɗaya mai ƙarfi bayan ta riga ta suma, kuma wannan ba alamar jin zafi ba ne.

Da ba haka ake yi ba. A New York ta ƙarni na 19, karnukan da ba a zo fansa ba cusa su ake yi cikin kejin ƙarfe a nutsar a kogi. Daga baya aka koma ɗakin iskar gas, wanda jihohin Amurka da dama suka haramta tun daga bisani, saboda dabbobi na shan firgici kafin su suma, ma'aikata kuma suna cikin haɗari.

Kwana nawa ake jira kafin a taɓa dabbar da aka tsinta?

Ya danganta da dokar ƙasa. A Ingila, Wales da Scotland, ƙaramar hukuma tana riƙe karen da aka tsinta kwana 7 don mai shi ya zo, bayan nan tana iya ba da shi ga wani, ko ga ƙungiya, ko ta sa a kashe shi. A Amurka kowace jiha da nata, galibi tsakanin kwana 3 zuwa 7. Romaniya ta yi doka a 2013 da ta ba da damar kashe karen titi idan ya yi kwana 14 na aiki ba a zo nemansa ko ɗaukarsa ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: wannan wa'adi na dabbar da aka tsinta ne. Wadda mai ita ya kawo da hannunsa ya sa hannu a takarda ta zama mallakar gidan nan take, kuma a wurare da yawa ba wani wa'adin da ke kare ta. Duk mai shirin miƙa dabbarsa ya yi wannan tambaya kafin ya sa hannu.

Gidajen da ke cewa "ba ma kisa" fa, da gaske ba sa yi?

Suna yi, sai dai kaɗan. A Amurka ma'aunin da aka saba da shi shi ne kashi 90 cikin ɗari: idan aƙalla tara cikin kowace dabba goma da ta shiga sun fita da rai, gidan ya cancanci sunan. Sauran kashi goman an bar shi ne don masu ciwon da ba ya warkewa da masu haɗari. Tafiyar "ba ma kisa" ta yi ƙarfi ne daga San Francisco, inda a 1994 ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta birnin, SPCA, ƙarƙashin Richard Avanzino, ta ƙulla yarjejeniya da gidan hukuma cewa za ta karɓi duk lafiyayyen kare ko kyanwar da gidan ya kasa samar wa gida. A 2004 manyan ƙungiyoyi suka haɗu a Asilomar ta Kalifoniya suka amince da hanya ɗaya ta rarraba dabbobi da ƙirga su. Ƙungiyar Best Friends da ke Utah ita ce ta fi kowa tallata ma'aunin na kashi 90.

Tafiyar ta yi amfani, ba musu. Ta tilasta wa gidaje buɗe ƙofa a ranakun hutu, da tallata dabbobi a intanet, da neman masu riƙo, da yin dandaƙa da araha. Amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Gidan da ke zaɓen abin da zai karɓa yana iya kai kashi 98 cikin sauƙi: ya ɗauki 'yan kwikwiyo da ƙananan karnuka masu kyan gani, ya ce wa mai tsohon kare mai cizo babu wuri. Karen nan ba ɓacewa zai yi ba. Gidan hukuma zai tafi, inda ba a iya korarsa, can kuma za a kashe shi, sai a kira gidan hukumar da "mahauta" a yabi ɗayan. Wannan rashin adalci ne, kuma masu ba da gudummawa su ne suka fi faɗa masa. Akwai kuma haɗari na biyu: gidan da ke tsoron ɓata alƙalumansa zai iya ajiye kare shekaru a keji har ya zare, ko ya tara dabbobi fiye da ƙarfinsa har cuta ta ɓarke, ko ya ɓoye tarihin cizo don a samu a ɗauka.

Don haka in za ka auna gida, kada ka tsaya a kan sunan. Tambayi nawa suka shiga bara, nawa suka fita da rai, nawa suka mutu a keji ba tare da allura ba, nawa aka mayar daga bakin ƙofa, kuma dabba kan yi kwana nawa kafin ta fita.

Akwai ƙasashen da suka haramta kashe lafiyayyar dabba gaba ɗaya?

Akwai. Dokar kare dabbobi ta Jamus ta hana kashe dabba mai ƙashin baya ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma cikar gida ba ta cikin dalilan. A 2002 ma an sa kare dabbobi cikin kundin tsarin mulkin ƙasar. Italiya ta yi doka mai lamba 281 a 1991 da ta hana kashe karnuka da kuliyoyin titi sai masu ciwo mai tsanani da ba ya warkewa ko waɗanda aka tabbatar da haɗarinsu. Sakamakon bai zama ɗaya ba. A Jamus, inda karnukan titi kusan babu su, tsarin yana tafiya. A wasu sassan kudancin Italiya kuwa an sami manyan gidaje cike maƙil da karnukan da za su tsufa su mutu a ciki. Indiya ta bi wata hanya tun 2001: a kama, a yi dandaƙa, a yi rigakafi, a mayar inda aka kamo. Turkiyya ma haka take yi tun dokarta ta 2004, har zuwa 2024 da majalisa ta gyara dokar ta umarci ƙananan hukumomi su kwashe karnukan titi zuwa gidajen ajiya, abin da ya jawo zanga-zanga.

Adadin da ake kashewa yana ƙaruwa ne ko raguwa?

A Amurka, inda aka fi samun alƙaluma, ya ragu matuƙa. Ƙiyasin shekarun 1970 ya haura miliyan 12 a shekara. Ƙiyasin ASPCA na 2011 ya ce kimanin miliyan 2.6, na 2019 kuma kimanin dubu 920, daga cikin dabbobi sama da miliyan 6 da ke shiga gidajen a shekara a wancan lokacin. Babban abin da ya jawo raguwar shi ne dandaƙa da cire mahaifa. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tana wata huɗu, cikin yana ɗaukar kimanin kwana 63 zuwa 65, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Wanda ya yi wannan lissafi zai gane dalilin da ya sa ba yawan keji da zai taɓa isa idan ba a rufe famfon daga sama ba.

Waɗanne dabbobi ne suka fi shiga haɗari?

Jariran kuliyoyi da ba su kai wata ɗaya ba, domin suna buƙatar madara a kwalba duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, kuma gidaje ƙalilan ne ke da ma'aikatan dare. Sai kuliyoyin da suka tashi a waje ba su saba da hannun mutum ba. Su ne ake yi wa tsarin kamawa, dandaƙa da sakewa, a yanke ɗan tsinin kunne ɗaya don a gane an yi. Sai manyan karnuka, da tsofaffi, da irin da doka ko masu gidajen haya suka ƙi. A Ingila da Wales, tun ƙarshen Disambar 2023, haramun ne a sayar ko a ba wa wani karen da ake kira XL Bully, don haka ko da halinsa ya yi kyau, gidan ajiya ba shi da ikon samar masa sabon gida.

Ma'aikatan ba su da tausayi ne?

Akasin haka. Mafi yawansu son dabbobi ne ya kawo su aikin, sai ga shi hannun da ya ciyar da kare wata guda shi ne zai riƙe ƙafarsa a yi masa allura. Masanin zamantakewa Arnold Arluke ya yi rubutu a kan wannan tsaka mai wuya ta kulawa da kisa a hannu ɗaya. Gajiyar zuciya da barin aiki sun yi yawa a cikinsu. Wanda ya bar kyanwarsa ta haihu sau shida ya kwaso 'ya'yan a kwali ya ajiye a bakin ƙofa, shi ba ya ganin ranar allurar.

Na yanke shawarar ɗaukar dabba. Yaya tsarin yake?

Za ka cike takarda a kan gidanka, aikinka, yara, da dabbobin da kake da su. Wasu gidajen sukan nemi shaidar cewa mai gidan haya ya yarda, wasu su zo su duba shingen gida. Sai ganawa da dabbar, sai biyan kuɗin ɗauka, wanda yawanci ya ƙunshi rigakafi, maganin tsutsar ciki da ƙuma, dandaƙa ko cire mahaifa, da dasa 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya. Na'urar ba ta nuna inda dabba take. Lamba ce kawai da ake karantawa, kuma ba ta da amfani idan ba ka sabunta lambar wayarka a rajista ba. A Birtaniya dole ce ga karnuka tun Afrilun 2016, ga kuliyoyi kuma a Ingila tun Yunin 2024.

Wasu ƙungiyoyi kan wuce gona da iri wajen sharuɗɗa, har su hana mutumin kirki don yana zuwa aiki ko gidansa ba fili. Idan aka ƙi ka, gwada gidan hukuma. Su ne suka fi buƙatarka.

Me zan tambaya kafin in ɗauka?

Daga ina ta zo, kuma me ya sa aka kawo ta? Ta taɓa cizo, kuma a wane yanayi? Yaya take da yara, da kuliyoyi, da wasu karnuka? Tana iya zama ita kaɗai awa huɗu? Wane magani take sha, nawa yake ci a wata? Idan abin bai yiwu ba, za su karɓe ta? Gidan kirki zai ce e ga ta ƙarshen, galibi ma yana cikin yarjejeniyar cewa wurinsu za ka mayar, ba wa wani ba. Gidan da ya amsa komai da "ai ba ta da matsala ko kaɗan" kuwa, a yi hattara da shi. Kada kuma ka dogara da sunan irin da aka rubuta a jikin keji, don sau da yawa da ido aka cinta.

Ba dabbobi masu matsala ne ake kaiwa can ba?

Wasu ne, ba galibi ba. Dalilan da aka fi ji daga masu kawowa na mutane ne: ƙaura zuwa gidan da ba a yarda da dabba ba, rashin kuɗin likita, rabuwar aure, ciwo ko mutuwar mai ita. Babban kare ma yana da fa'idar da kwikwiyo ba shi da ita: girmansa ya tsaya, halinsa ya bayyana, sau da yawa ya riga ya koyi inda ake bahaya.

Me zan tarar a makonnin farko?

Masu wannan aiki suna da ƙiyasin da suke ba sababbi: kwana uku na ruɗewa, mako uku na koyon tsarin gida, wata uku kafin dabba ta saki jiki. Ba doka ba ce, amma tana hana mutum karaya. Kyanwa za ta iya shige ƙarƙashin gado kwana biyu ba ta fito ba. A ba ta ɗaki ɗaya da abinci da ruwa da kwandon bahaya, a ƙyale ta. Sai dai idan ta wuce kwana biyu ba ta ci komai ba a kai ta likita, domin yunwa tana lalata hantar kyanwa da sauri. Kare kuwa makon farko ne ya fi yawan tserewa, don haka igiya ko da a bakin ƙofa ne. Kada a tara masa baƙi, kada a bar shi da ƙaramin yaro ba babba a wurin, kada a taɓa shi yana cin abinci. A raba shi da dabbobin gida na 'yan kwanaki saboda tari da murar da ake kwasowa a keji. A kawar da cakulan, albasa da inabi daga inda kare zai kai, kuma kada a taɓa ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Idan ban da halin ɗauka na dindindin fa?

Akwai riƙo. Ka ɗauki dabba mako biyu ko wata biyu, gidan yana biyan magani, sau da yawa har da abinci, har a samar mata masu ɗauka. Keji ɗaya ya samu sarari, dabbar ta huta da hayaniya, gidan kuma ya sami labarin ainihin halinta daga wanda ya kwana da ita. Ga jariran kuliyoyi, riƙo shi ne kusan hanya ɗaya ta tsira. Akwai kuma fita da karnuka yawo, da ɗaukar hotonsu don talla, da tuƙa su daga gidan da ya cika zuwa wanda ke da wuri.

Dole ta sa zan rabu da dabbata. Yaya zan yi don kada a kashe ta?

Ka fara da wuri, kada ka jira ranar ƙaura. Idan daga wata ƙungiya ka ɗauko ta, koma can tukuna. Idan matsalar kuɗin likita ce ko abinci, tambayi gidan ajiya mafi kusa, da yawa suna da tallafin da ya fi musu araha a kan karɓar dabbar. Idan hali ne ya canza kwatsam, likita zai fara dubawa, don kyanwar da ta fara fitsari a waje da kwando sau da yawa ciwon mafitsara ke damunta, karen da ya fara gurnani kuma mai yiwuwa wani wuri ke masa zafi. Ka nemi sabon gida da kanka tana hannunka, da hotuna masu kyau da takardun rigakafi, kuma ka faɗi gaskiyar halinta, har da cizon da ta taɓa yi. Idan duk wannan bai yiwu ba, ka sa sunanta a jerin jira na ƙungiyoyi biyu ko uku a lokaci ɗaya, ka kai ta da hannunka da rana, tare da bargonta da sunan abincin da ta saba ci.